Gwajin gladiyolas iri shida, daga shuka zuwa yanka

12 ga Oktoba

Gladiyolas shuka ce ta furen ado mai jera furanni a kan dogon kara, kuma gindinta mai kama da albasa ake shukawa. Iri ya iso cikin buhunan raga shida, albasa 120 a kowanne. White Prosperity fari ne tas. Peter Pears ruwan lemo ne da ɗan ja a maƙogwaron furen. Priscilla fari ne mai bakin ruwan hoda da rawaya a tsakiya, Nova Lux rawaya, Traderhorn ja mai farin tabo a ciki, Oscar kuma ja mai duhu. Duka shidan manyan nau'o'i ne da ake nomawa don a yanka a sayar. Tsawon shuka da yawan ganye za mu auna su, amma tambayar da gwajin ya tsaya a kanta ita ce: cikin abin da aka shuka, kara nawa ne ke fitowa miƙaƙƙe, kuma nawa ne furensa ke buɗewa har sama bayan an yanke shi an sa a ruwa.

Albasar gladiyolas dunƙule take kamar gwaza, babu ɓawo-ɓawo a cikinta, kuma abincin da shuka za ta fara girma da shi duk yana ciki. Shi ya sa girmanta ke shiga cikin tsawon kara da yawan fure kai tsaye. Wanda ya shuka babbar albasa a wani nau'i, ƙarama a wani, girman albasa ya gwada, sunan nau'i kawai ya rubuta a kai. 'Yan kasuwar Holan da kewayen albasa suke awo, a rubuta 10/12 ko 12/14 ko 14+ da santimita. A Amurka faɗi ake aunawa: lamba 1 daga santimita 3.8 zuwa 5.1, abin da ya haura haka shi ne mafi girma. Mun tsaya a kan 12/14, muka bi kowace albasa da tef ɗin awo. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na Oscar ya wuce 14, an ware shi zuwa layin gefe wanda ba ya cikin lissafi.

An ɗan ɗaga busasshen ɓawon kowacce an duba gindi. Mai laushi, mai baƙin tabo da ya lotsa ciki, da wadda ta bushe ta yi nauyin takarda, duk an fitar. Nova Lux ce ta fi ba da irin waɗannan. Tsakanin albasa biyu masu kewaye ɗaya, mai tudu a sama ta fi shimfiɗaɗɗiya, domin shimfiɗaɗɗiyar yawanci tsohuwa ce.

19 ga Oktoba

Ƙasar jigawa ce mai ɗan laka, ruwa ba ya kwana a kanta, awon tsaminta ya nuna pH 6.3. Gladiyolas na son tsakanin 6 da 6.5. Ba a taɓa shuka shi a wurin ba, abin da ke da muhimmanci saboda cutar fusariyum, mai ruɓar da albasa da saiwa, tana zama a ƙasa shekara da shekaru. An kuma nisanta filin daga wake, domin cutar bairas mai sa ganyen wake dabbare-dabbare tana kama gladiyolas, darɓa ce ke ɗauko ta.

Fangali 18, kowanne mita 1.5 da mita 1.2, an ɗaga su santimita 15. Kowane nau'i ya sami fangali uku, ɗaya a kowane ɓangare na filin, kuma ƙuri'a ce ta raba wuraren, kada wani nau'i ya tare a gefen da ƙasa ta fi kyau. An juya ruɓaɓɓen takin gargajiya kilo 3 a kowace murabba'in mita, da NPK 15-15-15 giram 50. Ɗanyen taki ba ya shiga nan, yana ruɓar da albasa. Takin sufa ma mun bar shi, saboda sinadarin fulorayid da ke cikinsa yana ƙona bakin ganyen wannan shuka.

21 ga Oktoba

Ranar shuka, daga yau lissafin kwanaki zai fara. An jiƙa albasar minti 30 a ruwan kabendazim, maganin kashe cutar da ke jikin iri, giram 2 a lita, aka shanya ta a inuwa ta sha iska. Layi biyar a fangali, santimita 30 tsakanin layi da layi, 20 tsakanin shuka da shuka, albasa 30 ke nan. Zurfi santimita 12, tsinin yana kallon sama. Shuka sama-sama tana saurin fitowa amma iska ce ke kayar da ita idan zangarniya ta yi nauyi.

Shuka 12 na tsakiyar kowane fangali kaɗai za a auna, 36 ga kowane nau'i. Na gefe suna samun haske da sarari fiye da sauran, alƙalumansu kan zarce gaskiya. Ban ruwa da tiyo mai ɗiga, layi biyu a fangali.

3 ga Nuwamba

Peter Pears da Priscilla sun gama fitowa cikin kwana tara zuwa goma sha ɗaya, kusan rana guda. White Prosperity da Nova Lux sun biyo baya. Traderhorn ya ɗan ja ƙafa. Oscar kuwa har yau ana ganin sabon tsiro, wasu sun kai ganye biyu, wasu yanzu suke huda ƙasa.

Wannan rarrabuwar tsiro ba lallai halin nau'in ba ne. Sabuwar albasa da aka tono tana shiga barci, sai ta yi wata biyu zuwa uku a sanyi na digiri 4 zuwa 5 kafin ta farka gaba ɗaya. Alamar wadda ta shirya ita ce ƙananan ƙuraje farare na saiwa da ke zagaye gindinta. A ranar tantancewa an rubuta cewa a Oscar ƙurajen ba su fito sosai ba. Don haka daga yanzu ana rubuta wa kowace shuka kwanaki biyu: daga shuka zuwa fure, da daga tsiro zuwa fure. Na biyun ne zai raba jinkirin barci da jinkirin nau'i.

Priscilla na yawan fitar da tsiro biyu, wani lokaci uku, daga albasa ɗaya. Mai neman yawaita iri zai yi murna. Mai neman kara mai kauri kuwa abincin albasa ɗaya ne ya rabu biyu. A shuke-shuken da ake aunawa an karya ƙaramin tsiron tun yana santimita 5, aka bar babban, a kowane nau'i. A layukan gefe an bar su yadda suka fito don a ga bambancin.

19 ga Nuwamba

Ganye na uku ya bayyana a yawancin fangalai. Ba a ganin komai daga waje, amma a daidai wannan matakin ne shukar ke fara ƙulla zangarniya a can cikin gindi. An tsaga wasu shuke-shuke na gefe da reza an duba da madubin ƙara girma: a Peter Pears ɗan tsinin zangarniyar ya fito sarai, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a Oscar kuma sai a waɗanda suka riga tsirowa.

Taki na farko na sama: kalsiyam naitiret giram 20 a murabba'in mita, a ɗan rami santimita 8 daga gindi, aka bi da ruwa. Mun zaɓe shi a kan yuriya saboda dalili biyu. Naitirojin mai yawa, musamman na amoniya, yana ba fusariyum ƙarfi kuma yana sa kara ya yi laushi. Ƙarancin kalsiyam kuma shi ne ke sa zangarniya ta karye a ƙasan furanni bayan an yanka. An ba kowane fangali taki bisa yawan ganyensa, ba bisa kwanan wata ba, don haka fangalan Oscar za su jira kwana biyar.

An tumɓuke shuka uku masu ganye dabbare-dabbare da layin fari-fari, biyu a Traderhorn, ɗaya a Priscilla, duk a layin gefe. Bairas ba shi da magani, barin shukar a fili raba cutar ne kawai.

2 ga Disamba

Daga ganye na huɗu zuwa na shida nan ne shukar ta fi rauni. Ƙishi ko ƙarancin haske a wannan tsakanin yana rage yawan fure, idan ya tsananta zangarniyar ta mutu a ciki, a wayi gari da shuka kore shar mai ganye takwas babu fure ko ɗaya. Ana ban ruwa duk kwana biyu, ana tona da yatsa a tabbatar danshi ya kai zurfin santimita 15. Zafin rana yana tsakanin digiri 27 da 30, dare 14 zuwa 16. Ranar ta ɗan fi yadda shukar ke so, daren kuwa daidai.

An tara ƙasa a gindin kowace shuka, tudun santimita 8, aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar iri tsakanin layuka.

Tarkon gam mai launin shuɗi ya fara kama tirifs. Ƙwaro ne siriri, bai fi milimita ɗaya da rabi ba, babba baƙi-baƙi, ɗansa rawaya. Ba a saman ganye yake zama ba, cikin kuben da ganye ya naɗe ɗan'uwansa yake ɓuya, sai an buɗe da farce ake ganinsa. Yana kankare fatar ganye ya tsotse ruwan, wurin ya koma launin azurfa da ɗigon baƙin kashi. Lokacin yaƙarsa yanzu ne, don da zarar ya shiga kuben fure magani ba ya isa gare shi. An fesa maganin ƙwari sifinosad da yamma bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba, bakin feshin yana kallon cikin gindi. Feshi na gaba da wani magani na daban za a yi, domin tirifs na saurin sabawa da guba ɗaya.

13 ga Disamba

Shuka huɗu na Nova Lux da ɗaya na Oscar, cikin waɗanda ake aunawa, sun fara rawaya daga tsofaffin ganye, bakin ganyen ya lanƙwasa, girma ya tsaya. Ja kaɗan suka fito, saiwar ta ruɓe. Da aka raba albasar biyu, tsakiyarta ruwan ƙasa ce, launin ya bi jijiyoyi zuwa gefe. Fusariyum ne. Ganin cewa filin sabo ne kuma shuke-shuken a warwatse suke cikin fangali uku, ba a tare wuri guda ba, cutar da albasa ta zo. Jiƙawa a magani tana kashe abin da ke bayan albasa, wanda ya riga ya shiga ciki ba ta kai masa. An kwashe su da ƙasar gindinsu, aka zuba ruwan magani a ramin. Ba a maye gurbinsu ba, asara ce da za ta shiga lissafin nau'in.

Ganye na shida ya cika, an ba da taki na biyu, kalsiyam naitiret giram 20 da fotashiyam salfet giram 15.

White Prosperity da Traderhorn sun fi kowa tsayi da faɗin ganye. Bakin ganyen White Prosperity ya ɗan bushe kamar santimita biyu a fangali ukun duka, sauran nau'o'in babu. Bushewar ba ta ci gaba ba.

23 ga Disamba

Zangarniyar Peter Pears ta leƙo jiya, kwana 62. Kafin ta fito ana jin ta: a matsa gindin ganye tsakanin yatsa biyu, a ji ya yi kauri ya cika. Priscilla na dab da fitowa.

An kafa turaku a kusurwar kowane fangali, aka shimfiɗa raga mai ido santimita 15 a tsayin santimita 40, za a riƙa ɗaga ta yadda kara ke tashi. Zangarniya tana iya ƙara santimita uku zuwa biyar a yini a wannan mataki, kuma sashen da ke girma laushi ne da shi.

Tiyo ɗaya ya toshe a ɓangare na biyu, fangalin Nova Lux da na Traderhorn da ke kan layin sun yi kwana uku ba isasshen ruwa, sai da ganye ya yi laushi da tsakar rana aka gane. An wanke matatar, an buɗe ƙarshen tiyon ya fitar da laka. An sa alama a fangalan biyu.

6 ga Janairu

Yankan farko. Peter Pears ya nuna launi a furen ƙasa jiya, kwana 76.

Ƙa'idar yanka ɗaya ce ga kowane nau'i: furanni biyu na ƙasa sun nuna launi, babu wanda ya buɗe. Wanda ya yanka wani nau'i a rufe, wani da fure uku a buɗe, ba zai iya gwada daɗewarsu a ruwa ba, tunda na biyun ya riga ya cinye kwana biyu a gona. Ana yanka da sassafe, kara cike da ruwa. Ana zura wuƙa tsakanin ganye a bi jikin kara zuwa ƙasa, a karkata ta a yanke, a zaro karan ta sama, a bar wa shukar aƙalla ganye huɗu. Waɗannan huɗun ne za su ciyar da sabuwar albasa. Tsakanin fangali da fangali ana tsoma wuƙar a ruwan bilic.

Bokitin yana tsaye a bakin fangali, dogo, mai raga a baki, kara na shiga a tsaye. Zangarniyar gladiyolas kullum sama take nema. Aka kwantar da ita, bakinta zai lanƙwaso cikin sa'o'i kaɗan idan da zafi, kuma in sashen ya yi tauri a haka ya zauna ke nan. An kwantar da kara uku na gefe a kan tebur da safe don a nuna wa masu yanka: kafin la'asar bakin kowanne ya ɗaga ya bar teburin.

Abin da ake rubuta wa kowane kara: tsawonsa daga yanka zuwa baki, tsawon sashen da ke ɗauke da fure, yawan toho, wato furannin da ba su buɗe ba, kaurin kara a ƙasan furen farko, da miƙewa. Miƙewa ana gwada ta da ɗora karan a jikin katako madaidaici, in ya kauce fiye da santimita 5 a ko'ina, ya fita daga na sayarwa.

15 ga Janairu

Priscilla ya shigo ranar 10, Nova Lux ranar 13. Peter Pears ya ƙare cikin kwana shida, abin da ke da daɗi ga mai cika oda guda, ga mai sayarwa kaɗan-kaɗan kuma sai ya raba shukarsa mako biyu-biyu.

Sakamakon toshewar tiyo ya fito. A fangalin Nova Lux mai alama, kara biyar suna da gwiwa iri ɗaya, a wuri ɗaya, kamar tafin hannu biyu ƙasa da furen farko. Karan ya yi laushi da rana ya sunkuya, da dare ya sha ruwa bakin ya sake miƙewa sama, sashen da ya sunkuya ya ƙanƙare a karkace. A sauran fangali biyu na Nova Lux babu ko ɗaya. Da fangali guda aka shuka wa kowane nau'i, da an rubuta cewa Nova Lux karkataccen nau'i ne.

A layukan gefe na Priscilla inda aka bar tsiro biyu, kowace albasa ta ba da kara biyu, amma gajeru da kusan santimita 15, toho 11 zuwa 12, kuma na biyun ya makara da mako guda.

28 ga Janairu

White Prosperity ya fara ranar 18, Traderhorn ranar 20, Oscar ranar 24 kuma bai gama ba sai yau. Daga shuka, tazarar Peter Pears da Oscar kwana 19 ce. Daga tsiro, ta sauko zuwa kusan 13. Ragowar barcin albasa ne.

Ma'aunin kasuwar Amurka ya sa matakin farko a kara mai tsawo fiye da santimita 107 da toho 16 zuwa sama, matsakaici daga santimita 81 da toho 12, na ƙasa kuma toho 10. Da shi muka yi amfani saboda yana haɗa tsawo da yawan fure.

White Prosperity ya tsaya tsakanin santimita 110 da 120, toho 17 zuwa 19, kuma 33 cikin 36 sun wuce gwajin katako. Traderhorn tsawonsu ɗaya da White Prosperity, toho 16 zuwa 18, karansa ya fi na kowa kauri, amma 29 ne suka wuce, huɗu daga cikin bakwai da suka faɗi daga fangalin da ya sha ƙishi suke. Oscar shi ne abin kallo a gona, furensa ya fi na kowa faɗi, jan kamar ƙarau, duk wanda ya shigo filin wurinsa yake nufa. A kan katako kuwa 25 kawai. Kan ya fi ƙarfin wuyan, ko da raga wasu sun sunkuya, biyu kuma ba su yi zangarniya ba, dukansu daga cikin waɗanda suka makara tsirowa suka tashi a inuwar maƙwabta.

Peter Pears da Priscilla ba su kai matakin farko ba sai ɗaiɗaiku, yawanci santimita 95 zuwa 105, toho 14 zuwa 16, amma 32 da 33 miƙaƙƙu, kusan kansu ɗaya kamar an yanka da ma'auni. Nova Lux 100 zuwa 110, toho 15 zuwa 16, masu kyau 27: huɗu fusariyum, biyar tiyo. Wannan adadi bai yi wa nau'in adalci ba, don haka an rubuta shi da bayanin dalili a gefe.

Tirifs bai yi ɓarna sosai ba, amma inda ya taɓa, launi ne ya tona shi. A Oscar da Traderhorn ɗigon fari-fari a kan jan fure ana hango shi daga nesa. A Nova Lux da White Prosperity sai an kusanto. Farin kuma nasa aibin daban ne: duk inda yatsa ya matsa toho, washegari wurin ya yi ruwan ƙasa.

6 ga Fabrairu

Gwajin ruwa ya kammala. Da yake nau'o'in ba su yi fure tare ba, kowanne ya shiga ɗakin a makonsa, don haka an riƙe ɗakin a digiri 20 zuwa 22, fitila awa 12, babu rana kai tsaye, ana rubuta zafin safe da yamma.

Kara 15 daga kowane nau'i, an daidaita tsawonsu zuwa santimita 80, an bar ganye biyu. Duka sun fara yin kwana uku a tsaye cikin ɗakin sanyi na digiri 4 zuwa 5, ba ruwa, a naɗe da takarda, a madadin tafiyar da fure ke yi kafin ya kai hannun mai saye. Da fitowa aka sake yanke santimita 2 daga gindi. Biyar sun shiga ruwa zalla. Biyar ruwa mai sukari giram 20 a lita, da mililita 1 na bilic, da ɗan sitirik asid har pH ya sauko kusan 4. Biyar na ƙarshe tun kafin ɗakin sanyi sun sha ruwa mai sukari giram 200 a lita na awa 20, sannan suka koma ruwa irin na rukuni na biyu. Ruwan sama aka tara aka yi amfani da shi, domin ruwan da aka sa wa fulorayid, ko kaɗan ne, yana ƙona gefen fure ya hana toho buɗewa.

Fure ɗaya kwana uku zuwa biyar yake yi. Daɗewar zangarniya tana zuwa ne daga yadda na sama ke buɗewa yayin da na ƙasa ke mutuwa, kuma buɗewar nan sukari take ci. An yanke ta daga ganyen da ke ciyar da ita, abin da ke cikin kara ba ya isar toho goma sha takwas. Ana ɗaukar zangarniya ta ƙare ranar da rabin furanninta suka yanƙwane.

A ruwa zalla babu nau'in da ya buɗe har baki. White Prosperity, mai toho mafi yawa, shi ya fi barin na sama a rufe, biyar zuwa shida sun bushe ba su nuna launi ba, kuma waɗanda suka buɗe daga tsakiya zuwa sama sun ƙanƙance. Ruwan ya yi gauraye a kwana na uku, gindin kara ya yi santsi, ƙwayoyin cuta sun toshe hanyar shan ruwa. Rukuni na biyu ya ƙara kwana biyu a kan na farko a kusan kowane nau'i. Rukuni na uku ne ya canza jerin: White Prosperity ya buɗe duka sai biyu na can baki, ya kai kwana goma zuwa sha ɗaya, fure bakwai a buɗe lokaci guda. Priscilla da Peter Pears sun yi tara zuwa goma, kuma su ne sukarin bai canza sosai ba, ko a ruwa zalla sun buɗe kusan kashi uku cikin huɗu. Ga mai sayar wa wanda ba zai sa komai a ruwa ba, wannan ya fi santimita goma na tsawo amfani. Nova Lux da Traderhorn takwas zuwa tara. Oscar bakwai zuwa takwas, gefen furensa yana yin baƙi kafin ya yanƙwane, kuma kara biyu sun sunkuya a cikin kwalba da furanni na tsakiya suka buɗe.

A kara ɗaya na kowane rukuni an tsinke toho biyu na can baki tun ranar farko. Bakin bai lanƙwasa ba, na ƙasa da su kuma sun buɗe da kyau. Kara ɗaya ba hujja ba ne, an sa shi cikin abin da za a gwada da yawa a zagaye na gaba.

14 ga Fabrairu

Fili yanzu ganye ne kawai. An ba da fotashiyam salfet giram 15 a murabba'in mita bayan yanka, babu naitirojin. Ban ruwa ya koma duk kwana huɗu, za a tsayar da shi mako biyu kafin tono. Feshin tirifs bai tsaya ba, domin ƙwaron yana sauka ya shiga ɓawon albasa ya bi ta har ma'ajiya. A layukan gefe an cire zangarniyoyin da suka rage kafin su ƙulla iri.

An tona gindi ɗaya na Peter Pears a gefe. Tsohuwar albasar ta motse a ƙasa, sabuwar ta hau kanta, kewayenta ya riga ya wuce santimita 13, 'ya'ya farare kamar goma sha biyar sun zagaye mahaɗar. Farinsu na nuna ba su nuna ba, sai ɓawonsu ya yi ruwan ƙasa.

Tono mako shida zuwa takwas ne bayan yanka, kowane nau'i da ranarsa: Peter Pears da Priscilla a makon ƙarshe na Fabrairu, Nova Lux farkon Maris, sauran ukun tsakiyar Maris. Za a yanke ganye dab da albasa nan take, a shanya a inuwa mai iska mako biyu har tsohuwar ta ɓalle da ɗan matsi ta bar tabo mai tsabta. Abin aunawa: nauyi da kewayen sabuwar albasa, yawan 'ya'ya da nauyinsu, da adadin masu tabo a gindi. Albasar Nova Lux za ta zauna a tire dabam, 'ya'yanta kuma za a sa su a ruwan zafi na digiri 53 zuwa 55 na minti 30 suna cikin barci, a tsoma a ruwan sanyi, a busar. Duka shidan za su shiga ɗakin sanyi rana ɗaya su fito rana ɗaya, domin a zagaye na biyu Oscar ya tashi tare da sauran.